Daren Yaye: Yaushe Hanawa Take Zama Rahama?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wani dare da kusan kowane gida ya san shi, a Maradi ne ko Damagaram, a Tawa ne ko Yamai: daren da aka cire yaro daga nono. An yi sallar isha, ƴan'uwa sun watse, unguwa ta yi tsit, amma daga wani ɗaki kuka yana tashi, irin kukan da ba ya jin rarrashi. Yaron bai wuce wata 20 ba. Ya iya tafiya, ya iya cewa "Inna" da "ruwa" da "a'a". Yana jan rigar uwarsa kamar yadda ya saba, ita kuwa ta ɗaure ƙirjinta da ɗankwali ta kau da kai. Nonon yana nan, ya cika har yana yi mata zafi. Kakar yaron tana bakin ƙofa tana cewa: "Daure, ɗiyata, kwana uku ne ya manta. Miƙo mini maigidan nawa." Uban yana zaure da tasbaha a hannu, yana ja, amma ya kasa riƙe adadin da ya kai.

Babu mugu a cikin gidan nan. Duk wanda ke ciki yana son yaron, kuma duk sun haɗu a kan hana shi abin da ya fi so a duniya. Wannan ya isa ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tambaya: me ya raba hanawar da take rahama da hanawar da take zalunci, alhali kukan da wanda aka hana yake yi iri ɗaya ne a duka biyun?

Abin da yaron ya sani

Kafin a amsa, ya kamata a dubi hanyar da yaron ya biyo har ya iso wannan dare. Tun ranar da aka haife shi, abin da ya koya game da duniya guda ɗaya ne: in ya yi kuka, ana zuwa. Yunwa ta kama shi, an ba shi. Sanyi ya taɓa shi, an goya shi. A kan wannan yarda ya gina duk abin da ya biyo baya. Wajen wata 6 ya koyi zama, haƙorin farko ya ɓullo, aka fara ɗanɗana masa kunu. Sai rarrafe, sai kama gefen gado ya miƙe, sai tatata. Kowane mataki da lokacinsa, kuma lokacin wannan yaro ba lalle ya zo daidai da na ɗan maƙwabta ba. A shekarar 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sakamakon wani bincike da aka bi yara masu ƙoshin lafiya a ƙasashe 5, cikinsu har da Gana, aka ga wani yaron yana tafiya da kansa tun yana wata 8 da ƴan kwanaki, wani kuma sai ya kusa wata 18, kuma dukansu lafiyarsu ƙalau. Hausawa sun riga sun faɗa cewa da rarrafe yaro kan tashi.

To, ga shi yanzu yana gudu a tsakar gida, yana bin kaji, yana zuba ƙasa a randa, yana kwaikwayon ubansa in ya ga ya yi ruku'u. Gwarancinsa ya fara zama magana. Nan da ɗan lokaci zai haɗa kalma biyu. Ya san nasa, ya san baƙo, shi ya sa yake ƙiwa. Amma akwai abu guda da bai sani ba tukuna, wato gobe. Ba a iya ce masa "wannan don amfaninka ne nan gaba", domin nan gaba ba ta da wuri a cikin kansa. Babba in an hana shi abu, yana iya tambayar dalili, yana iya kai ƙara, yana iya haƙuri don ya hango sakamako. Yaro ɗan wata 20 ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da yake da shi kuka ne kawai, kuma waɗanda yake kai wa ƙarar su ne waɗanda suka yanke hukuncin.

Nan ne nauyin yake. Duk inda mai ƙarfi ya zama shi ne alƙali kuma shi ne wanda ake ƙara, kuma mai rauni ba ya iya magana, to binciken da ya kamata wani ya yi wa mai ƙarfin ya koma wuyansa, sai ya yi wa kansa. Yaro amana ne, kamar yadda Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u inda ya yi magana kan renon yara. Mai riƙon amana kuwa ba ya jiran a tuhume shi kafin ya yi wa kansa hisabi.

Amsa biyu masu sauƙi

Akwai amsa biyu da mutane kan gudu zuwa gare su don su huta da tunani.

Ta farko ita ce a ce so shi ne bayarwa, saboda haka duk abin da zai sa yaro kuka a bar shi. Mai wannan ra'ayi yana miƙa wa yaro alewa duk sa'ad da ya buɗe baki, yana miƙa masa waya don ya yi shiru, in ya mari yayarsa a yi dariya. A zahiri tausayi ne, amma in an tona sau da yawa kunnen babba ake tausaya wa. Magabata sun yi gargaɗi da cewa ka so naka duniya ta ƙi shi. Kuma ko a cikin renon kansa akwai hujja a kan wannan ra'ayi. A tuna yadda ake koya wa yaro tafiya: uwa ta tsayar da shi, ta saki hannunsa, ta ja da baya taki biyu tana tafa hannu tana cewa "ta-ta-ta". Yaron yana miƙo hannu yana neman a riƙe shi, ita kuwa ta ƙi. Da ba ta saki ba, da bai taka ba. Ashe akwai alherin da ba ya isa ga yaro sai ta hanyar janye hannu.

Amsa ta biyu ita ce a ce tunda haka ne, hanawa ita ce tarbiyya, kuka ba ya kisa, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan ma rabin gaskiya ce. Ɗanyen icce yana tanƙwaruwa, amma shi ne kuma ya fi saurin karyewa a hannun mai gaggawa. A sake duban uwar nan mai koyar da tatata. Ba ta saki hannun ba sai da ta ga ƙafafun sun yi ƙwari. Ta share wurin, babu garwashi babu turmi. Ba ta ja da baya fiye da inda hannunta zai cafe shi ba, kuma fuskarta tana gabansa tana murmushi. Sakin hannun kashi ɗaya ne cikin aikin, sauran kashin duk kiyayewa ne. Wanda ya kwaikwayi sakin ya bar kiyayewar, jefar da yaro ya yi.

Saboda haka ba a auna hanawa da yawan kukan da ta jawo, ba a kuma wanke ta da cewa niyya mai kyau ce. Ana auna ta da abubuwan da suka kewaye ta, kuma yaye shi ne wurin da suka fi fitowa fili.

Don wa aka hana?

Abu na farko shi ne lokaci, kuma tambayar lokaci a ƙarƙashinta tambayar maslaha ce: agogon wa aka duba, na yaron ko na manya? Alƙur'ani mai girma, a aya ta 233 cikin Suratul Baƙara, ya ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, ya ɗora ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita a kan uba, ya hana a cutar da uwa ko uba ta dalilin ɗansu, sa'an nan ya ba da damar yaye kafin wa'adin in ya kasance da yardar su biyun da shawara a tsakaninsu. Suratu Luƙman ma ta ambaci yaye a cikin shekara biyu. Masana lafiya na wannan zamani sun iso wuri ɗaya: nono zalla har wata 6, daga nan a haɗa da abinci, a ci gaba da shayarwa har shekara 2 ko fiye.

Abin lura a ayar shi ne sharaɗin shawara. Yaro ba ya iya magana a kan al'amarinsa, sai aka hana mutum ɗaya ya yanke shi kaɗai. Miji ba zai wayi gari ya ce "yau a cire shi" don kukan dare ya dame shi ba. Mata ba za ta yanke don biki ya taso a wani gari tana son tafiya ba nauyi ba. Sai su biyun sun zauna, kowane ya zama lauyan yaron a gaban ɗayan.

Malaman tarihi, cikinsu har da Ibn Sa'ad a Ɗabaƙat, sun kawo labarin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, a wani dare da shi da Abdurrahman ɗan Aufu suke gadin wani ayarin fatake da ya sauka a Madina. Ya ji kukan yaro, ya je ya yi wa uwar magana, ya dawo. Kukan bai tsaya ba, ya sake komawa, har ya yi mata faɗa. Ita kuwa ba ta san ko wane ne ba, sai ta gaya masa cewa yaye take son yi masa da ƙarfi, domin Umar ba ya yanka wa yaro rabo daga baitulmali sai an yaye shi. Yaron kuwa watanninsa ba su kai ba. Da asuba kuka ya rinjayi Umar a cikin salla, bayan ya sallame ya sa aka yi shela cewa kada a gaggauta yaye, kowane abin haihuwa yana da rabonsa tun daga ranar haihuwa.

Umar ya fara da ganin laifin uwar, ya ƙare da ganin nasa. Yaye na gaggawa sau da yawa hannun uwa ne ke aikata shi, amma wani ne ya tura hannun. Maigidan da ya bar mai shayarwa da aikin gona da daka da ɗibar ruwa, ga abinci kaɗan, sa'an nan ya yi mamakin nono ya ƙafe, ya kamata ya tsaya inda Umar ya tsaya a wannan asuba.

Haka batun sabon ciki. A gidaje da yawa, ranar da mace ta gane ta samu ciki tana goyo, ranar ake cire yaro, don tsoron cewa nonon ya zama guba. Tsoro ne da ya fito daga ƙauna, amma ma'aikatan lafiya suna bayyana cewa nonon mai ciki ba ya zama guba, kuma macen da cikinta ke lafiya tana iya ci gaba da shayarwa in tana samun abinci isasshe, ko ta janye a hankali. Imamu Malik a Muwaɗɗa da Imamu Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) ya yi niyyar hana abin da Larabawa ke kira gila, sai ya lura Rumawa da Farisawa suna yi kuma ba ya cutar da ƴaƴansu, ya fasa hanawa. Malamai sun fassara gila da kusantar mace mai shayarwa, wasu kuma da shayarwar mai ciki. Wanda abin ya same shi ya kai matarsa likita a duba ta kafin a yanke wa ɗan goyo hukunci a dare ɗaya.

Me aka ajiye a gurbin abin da aka ɗauke?

Abu na biyu shi ne madadi. Hanawar rahama ba ta barin hannu wofi. Nono abinci ne, ruwa ne mai tsabta, kariya ne daga cuta. Wanda ya ɗauke shi ya ɗauki bashin waɗannan duka.

Mutanen wannan ƙasa ba sa bukatar a ba su labarin tamowa. Waɗanda suka ga shekarar 2005 sun tuna yadda cibiyoyin kula da yara a Maradi da Damagaram da Tawa suka cika, kuma mafi yawan waɗanda aka kwantar ƙanana ne, masu shekarun da ake yaye a cikinsu. Wani nau'in tamowa mai kumbura ƙafafu da canza launin gashi, likitocin duniya suna kiransa kwashiyoko. Kalmar daga harshen Ga na ƙasar Gana ta fito, wata likita mai suna Cicely Williams ce ta shigar da ita littattafan likitanci a 1935, kuma ma'anarta a wurin masu harshen ita ce ciwon da ke kama yaron da aka ture saboda ƙaninsa ya zo. Iyaye mata na can sun gane alaƙar yaye da wannan ciwo tun kafin a rubuta shi.

Dalilin a fili yake. Cikin yaro ƙarami ne, bukatarsa kuwa babba ce. Koko tsararo ko farau-farau yana cika masa ciki ba tare da ya gina masa jiki ba. In aka ce ya jira tuwon dare tare da manya, ko aka haɗa shi kwano ɗaya da yayyensa masu saurin hannu, zai tashi da yunwa ba wanda ya sani. Yaron da ake yayewa yana son nasa kwano, da mai zama kusa da shi, da ci sau uku ko huɗu a yini da ɗan abin taɓawa a tsakani. Kunun hatsi mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko garin ƙuli-ƙuli, wake da aka dafa ya yi laushi, ganyen zogale, madara da aka tafasa, ɗan kifi ko hanta in Allah Ya hore, da ƙwai. A wasu gidaje ana hana yara ƙwai wai yana koya sata. Wannan magana ba ta da tushe a addini ko a likitanci, kuma kaza tana cikin abin da talaka ya fi iya mallaka.

Har lokacin shekara abin dubawa ne. Yayen da ya faɗo a tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, zawo yana yawo, ba daidai yake da yayen bayan kaka ba. In akwai zaɓi, a jira hatsi ya shigo gida. Yaron da ba shi da lafiya kuwa, ko wanda bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ba a haɗa masa ciwo da yaye. Ana karɓo rubutun yaye wurin malam don neman albarka, kuma neman albarka abu ne mai kyau. Amma wanda ya karɓo rubutu ya manta da kwanon yaro ya yi addu'a ya bar sababi.

A hana nono, a bar masa uwa

Abu na uku ya fi sauran wuyar faɗa, domin ya taɓa al'adar da aka gada daga mutanen kirki. An saba a ɗauki yaro ranar yaye a kai shi gidan kaka, wani lokaci a wani gari, ya yi kwanaki ko watanni. Masu wannan al'ada suna da hujjarsu, kuma adalci ne a saurare ta. Sun ce yaron da ke ganin uwarsa ba zai daina nema ba, ita ma zuciyarta ba za ta jure ba, sai a yi ta ja da baya ana tsawaita wahala. Sun ce kaka ta fi kowa haƙuri da sanin hannu, kuma ta wannan hanya yaro yake sabawa da danginsa. Duk wannan akwai gaskiya a ciki, kuma mutane da yawa da suka girma a ɗakin kakanninsu ba su da abin tunawa da ya fi wannan daɗi.

Sai dai a dubi abin daga idon yaron. A wurinsa nono da ƙamshin uwa da muryarta da bayan da ake goya shi a kai duk abu ɗaya ne. In aka ɗauke su a yini guda, bai san an yaye shi ba. Abin da ya sani shi ne ya yi kira ba a zo ba. Shirun da yake yi bayan kwana uku, wanda ake cewa mantuwa ce, wani lokaci mantuwar ce, wani lokaci kuwa gajiya ce da kira. Akwai yaran da a wannan hali suke ƙin abinci, kuma ƙin abinci a wannan shekaru ƙofar rama ce.

Hanya mafi sauƙi ga yaro ita ce a raba asarar gida-gida. A fara rage shayarwar rana, ɗaya bayan ɗaya, ana maye gurbinta da abinci da wasa, a bar ta dare zuwa ƙarshe, a yi haka cikin makonni. Wannan ya fi sauƙi ga uwar ma, domin nonon yana raguwa a hankali ba tare da kumburi da zazzaɓi ba. In kaka za ta taimaka, alheri ne babba, musamman in yaron ya riga ya saba da ita, ko ita ta zo gidan, ko uwar tana leƙawa. A cikin Sira an ruwaito cewa Halimatus Sa'adiyya ta yaye Manzon Allah (S.A.W) da ya cika shekara biyu, ta kawo shi wurin mahaifiyarsa, sa'an nan ta roƙi a bar mata shi ya ƙara zama, aka amince. Ya rabu da nono, amma ya ci gaba da zama a hannun da ya shayar da shi.

Kuma baƙin cikin ɗan yaye abu ne da ake girmamawa. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana da ƙane ƙarami da ake kira Abu Umair, wanda ruwaya ta nuna ɗan yaye ne, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu, yaron ya yi jugum. Shugaban halitta, da duk nauyin al'umma a kansa, ya lura da fuskar yaron, ya tambayi dalili, ya kira shi da alkunyarsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Bai ce abin yara ne ba.

Kada a gina shi a kan ƙarya

Abu na huɗu shi ne gaskiya. Saboda yaro ba ya fahimtar dalili, manya kan ga kamar ƙarya ta halatta a kansa. A shafa wa nono abu mai ɗaci ko yaji a ce masa ya lalace. A ce dodo yana bayan ƙofa. A ce in bai yi shiru ba za a kai shi likita a yi masa allura, sa'an nan ranar rigakafi a yi mamakin yadda yake firgita. A ce "zo in ba ka" alhali hannu babu komai. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro da alkawarin za ta ba shi wani abu, Manzon Allah (S.A.W) yana zaune a gidan. Ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino. Ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Yaro ɗan wata 20 bai san ma'anar kalmomi da yawa ba, amma yana kan koyon abin da ya fi kalmomi, wato ko maganar manya abin dogaro ce. "Babu yanzu, ga kunu" magana ce da zai yi kuka a kanta, amma gobe zai same ta yadda aka faɗa. Daga irin wannan ne yake gane cewa "a'a" ɗin uwarsa tana da iyaka, kuma "to" ɗinta tana cika. Ranar da za a ce masa kada ya taɓa wuta ko kada ya leƙa rijiya, wannan yardar ce za ta tsare shi.

Rabon mai tasbaha

Saura mutumin da aka bari a zaure. Ragib Al-Asfahani, a littafinsa na kalmomin Alƙur'ani, ya mayar da asalin kalmar Rabbu ga tarbiyya, ya fassara ta da raya abu daga hali zuwa hali har ya kai cikarsa. Ita ce kalmar da ake amfani da ita ga renon yaro, ita ce kuma ake amfani da ita ga renon muridi. Ma'abota wannan hanya sun daɗe suna kwatanta rai da ɗan goyo mai bukatar yaye, kuma Imam Busiri ya yi wannan kwatanci a cikin Burda. Wanda ya zauna ya ga yaye da idonsa zai fahimci kwatancin fiye da wanda ya haddace shi. Zai ga cewa ran da aka fizge wa abin da ya saba a dare ɗaya, ba tare da an ba shi madadi ba, yakan koma da yunwar da ta fi ta farko. Zai kuma ga yadda mai hanawa yake iya zama mafi kusa da wanda aka hana a daidai lokacin da shi yake zaton an yashe shi, sai ya sassauta zargin da yake yi in ya roƙi wani abu aka jinkirta masa.

Amma kwatancin yana da iyaka, kuma wajibi ne a tsaya a kanta. Ubangiji ba Ya kuskure a hanawarSa, uba kuwa yana yi. Uba yana gajiya, yana fushi, yana iya kiran son ransa da sunan tarbiyya. Saboda haka ba shi da ikon cewa "na hana, kuma hikima ce" ya tashi. Sai ya koma ya binciki lokaci da madadi da kusanci da gaskiya, kowane dare.

Kuma ba a zaure ake wannan binciken ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W) yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita, don sanin halin da uwar take ciki. Sun ruwaito ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, ɗiyar Sayyida Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Wanda wannan ne abin koyinsa ba zai ɗauki kukan ɗansa a matsayin abin da ya shiga tsakaninsa da zikiri ba. A daren yaye yaro ya fi karɓar rarrashi daga wanda ba ya jin ƙamshin nono a jikinsa, kuma wannan ya sa uba ya fi kowa dacewa da aikin. Ya shiga, ya ce: "Kawo shi, ki samu ki kwanta." Ya ɗora shi a kafaɗa, ya zaga tsakar gida da shi, ya ba shi ruwa a moɗa, ya ci gaba da salatinsa a hankali kusa da kunnen yaron har numfashinsa ya daidaita. Laziminsa bai ragu da komai ba, kuma matar da ta yi wata 20 ba ta yi barcin kirki ba ta samu sa'a biyu.

Bayan makonni kaɗan, in an bi abin a hankali, za a ga yaron da safe zaune a kan tabarma da ɗan kwanonsa, kunu har goshi, yana ture hannun mai son taimaka masa yana cewa shi zai sha da kansa. In ya faɗi a tsakar gida, wurin uwar da ta hana shi zai ruga, ita kuma ta ɗauke shi ta goya. Kaka ta dube shi ta ce maigidan nata ya zama mutum, saura ya kawo kuɗin cefane.

Allah Ya raya zuri'ar Musulmi bisa lafiya da imani, Ya saka wa iyaye mata da mafificin alheri, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta, albarkar Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.